Famfon zafi na gidanmu yana ɗaure ƙanƙara yana fitar da hayaƙi: lalacewa ce ko haka aikinsa yake?

MamanHanif:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masana. Gidan da muka koma a Manchesta ba da tukunyar gas ake ɗumama shi ba, famfon zafi ne, irin wanda ke zuƙo zafi daga iskar waje ya ɗumama ruwan da ke zagaya radiyetocin ɗakuna. Tun da hunturu ya kankama na lura bayan injin da ke waje yana yin fari fat da ƙanƙara. Can sai fankarsa ta tsaya, a ji wani huci mai ƙarfi, sai farin hayaƙi ya turnuƙe, ruwa na zuba ta ƙasa. Bayan 'yan mintoci ya ci gaba da aiki. Da safe yakan yi haka kusan duk awa ɗaya, kuma a lokacin radiyeta kan ɗan huce. Abin da ya fi ɗaure min kai, waya tana nuna digiri 3 ne sama da sifili, ko ruwan da ke cikin bokiti a waje bai daskare ba. To daga ina ƙanƙarar take zuwa? Kuma ta yaya injin yake sanin lokacin narkar da ita ya yi? In kira mai gyara ko in ƙyale shi? Yara duk sun tsorata da hayaƙin.

OgaSabo_MaiSanyi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Na daɗe ina gyaran AC da firij a Kano. Duk AC ɗin da ka ga yana ɗaure ƙanƙara, ɗayan biyu ne: ko gas ya yi ƙasa, ko ƙura ta toshe hanyar iska. Ki kashe shi, ki kira mai gyara ya ɗaura masa geji, wato ma'aunin matsin gas. Hayaƙi a jikin kayan wuta ba abin da za a yi wa sakaci ba ne.

Injiniya_Bashir:
Oga Sabo, Allah ya ƙara girma. Maganarka daidai take a kan AC mai sanyaya ɗaki, amma wannan injin aikinsa a juye yake. Hajiya, kada ki kashe shi. Wannan ba hayaƙin ƙonewa ba ne, tururi ne. Ki matsa kusa ki shinshina, ba za ki ji ƙauri ba.

Ga yadda abin yake. Kafin injin ya iya zuƙo zafi daga iska, dole bututan da ke jikin na waje su fi iskar sanyi, sau da yawa da digiri 5 zuwa 10. Idan iska tana digiri 3, jikin bututan da siraran ganyen alminiyam ɗin nan yana ƙasa da sifili. Kin san yadda kwalbar lemo mai sanyi take gumi in an fito da ita daga firij, danshin iska ne ke sauka a kanta. To nan ma danshin ne ke sauka, sai dai da yake ƙarfen ya wuce sifili, nan take yake daskarewa. Shi ya sa bokitinki bai daskare ba amma injin ya yi fari.

Idan ƙanƙarar ta yi kauri tana yin illa biyu. Tana toshe tsakanin ganyayyakin, iska ta kasa wucewa, kuma tana shiga tsakanin iska da ƙarfe, zafi ya kasa ratsawa. Sai injin ya juya aikinsa na ɗan lokaci. Akwai wani bawul mai hanya huɗu a ciki, shi ne hucin da kike ji, yana karkatar da gas mai zafi daga kwampireso zuwa bututan waje. Fanka tana tsayawa ne don kada ta kwashe zafin. Zafin da ake narkarwa da shi daga ruwan gidanki ake aro shi, dalilin hucewar radiyeta ke nan.

Ummu_Sumayya:
Kai, Allah ya saka da alheri Injiniya. Maƙwabciyata ma ta taɓa kiran 'yan kwana-kwana a kan irin wannan tururin.

Abba_Winifeg:
Ni abin ya ba ni mamaki. Nan Kanada muna kai digiri 25 ƙasa da sifili har fiye, amma nawa ba ya narkarwa duk awa. A ranakun da sanyi ya fi tsanani ma sai ya daɗe bai yi ba. Ashe ba mu ya kamata mu fi shan wahala ba? Anti MamanHanif, ni ina ganin naki yana da matsala.

Injiniya_Bashir:
@Abba_Winifeg a'a, ku sanyinku busasshe ne. Iska mai digiri 5 tana iya ɗaukar danshi har kusan giram 7 a kowace mita kubik. A sifili kusan giram 5. A digiri 15 ƙasa da sifili kuwa bai kai giram 2 ba. Ƙanƙarar nan ba sanyi kaɗai ke kawo ta ba, sai da ruwa a cikin iska. Mafi munin yanayi shi ne daga kamar digiri 5 ƙasa da sifili zuwa 5 sama da shi, ga hazo ko yayyafi. Wannan kuwa shi ne hunturun Ingila. Narkarwa sau ɗaya a awa da safiyar hazo a Manchesta bai isa a ce injin ya lalace ba.

Abba_Winifeg:
Haka ne kuwa, nawa ya fi yi a watan Nuwamba da Maris, lokacin da dusar ƙanƙara ke narkewa. Abin da ke damunmu a nan shi ne ruwan narkarwar da ke daskarewa a cikin kaskon ƙasan injin. Shi ya sa ake sa masa 'yar hita a kaskon, kuma ana ɗora injin a kan ƙafafun ƙarfe don ya fi ƙarfin dusar da ke taruwa.

OgaSabo_MaiSanyi:
To na ji bayanin juyawar. Amma tambayar Hajiya ta biyu ita ce tawa ni ma. Firij marar ƙanƙara da muke gyarawa, taima ce a ciki. Tana ƙirga awannin da kwampireso ya yi aiki, kamar shida ko takwas, sai ta kashe shi ta kunna hita. Idan ƙanƙara ta narke, baimetal, ɗan makunni mai jin zafi, ya ji ɗumi ya yanke hitar. Ita taimar ba ta san ko akwai ƙanƙara ko babu ba, lokaci kawai take bi. Wannan naku me yake bi?

Sani_Ohayo:
Oga, da yawa daga tsofaffin injinan da nake gani a Amurka kusan haka suke. A kan fanel ɗin, wato allon lantarkin da ke sarrafa injin, akwai wurin zaɓi, minti 30, 60 ko 90. Akwai kuma wani ɗan makunni mai jin sanyi a manne da bututu. In bututun ya yi sanyi ƙasa da sifili sai ƙirga ta fara, lokacin da aka zaɓa na cika sai ya shiga narkarwa. Yana fita idan bututun ya yi ɗumi, ko kuma in minti 10 ya cika. Da yake a nan iska ake hurawa cikin ɗakuna ba ruwa ba, lokacin narkarwa sai hitar lantarki ta kama don kada a hura wa mutane sanyi. Wannan hita tana shan wuta sosai. Na sha zuwa gida in tarar an bar shi a 30 a ranar da iska take bushe, injin na ta juyawa a banza babu ko ɗigon ƙanƙara a jikinsa.

Hauwa_Wuhan:
Salam. Karatun da nake yi ke nan, bari in sa baki. A China, yankin da ke kudu da tsaunin Qinling da kogin Huai ba a haɗa shi da ɗumamar gari ta bai ɗaya kamar arewa ba, don haka mutanen biranen bakin kogin Yangtse irin su Wuhan da Shanghai AC mai juyawa suke kunnawa da hunturu. Sanyinmu kuma jiƙaƙƙe ne, irin wanda Injiniya Bashir ya siffanta. Shi ya sa jami'o'in nan suka duƙufa a kan wannan matsala.

Kuskuren narkarwa iri biyu ne. Na farko wanda Malam Sani ya faɗa, a narkar babu ƙanƙara, an yi asarar wuta an kuma sace zafin gida. Na biyu akwai ƙanƙara jingim amma injin bai narkar ba, yana ta wahala, zafin da yake bayarwa na raguwa.

Sababbin injina suna ƙoƙarin narkarwa ne bisa buƙata. Galibinsu suna da sensa biyu, ɗaya na auna iskar waje, ɗaya a jikin bututu. Bayan an gama narkarwa, fanel yana lura da tazarar da ke tsakanin biyun lokacin da ƙarfe yake tsaf. Ƙanƙara na taruwa, bututu na ƙara sanyi, tazarar na faɗaɗa. In ta wuce wani mizani, kuma kwampireso ya yi aiki na wani ɗan lokaci, sai a juya. Amma ku lura, wannan ba ganin ƙanƙarar yake yi ba, alamarta yake karantawa. Duk abin da zai sa bututu ya yi sanyi fiye da kima zai iya ruɗa shi.

An gwada wasu hanyoyin. Akwai auna bambancin matsin iska gaba da bayan ganyayyakin. Akwai lura da wutar da fanka ke ja, tunda nauyinta na sauyawa in hanya ta toshe. Akwai ɗan haske da ake harbawa zuwa ga wata ƙwayar ido, in ƙanƙara ta shiga tsakani hasken ya ragu. Akwai ma masu sa kyamara, kwamfuta ta duba farin da ke hoton. Kowanne da lagonsa: busassun ganyen bishiya na ruɗa mai auna matsi, ƙura na rufe ƙwayar ido, kyamara na buƙatar haske da dare ga kuma tsada. Ga shi ƙanƙara ba ta kwanciya bai ɗaya, wani gefe ya yi kauri wani bai yi ba, sensa kuma wuri ɗaya take zaune.

OgaSabo_MaiSanyi:
Madalla da 'yata Hauwa. To kun ga maganata ta dawo. Ta ce duk abin da ya sa bututu ya yi sanyi fiye da kima zai ruɗa fanel. Gas in ya yi ƙasa, matsi na faɗuwa, farkon bututun ya yi sanyi ƙarara. Ke nan injin da ke yoyon gas zai riƙa shiga narkarwa a kai a kai. Don haka kada a ce wa Hajiya lafiya lau kawai ba a duba ba. Hajiya, ki dubi yadda ƙanƙarar take kwanciya. In ta rufe fuskar gaba ɗaya daidai wa daida, wannan daban. In kuwa layi-layi ce, ko wani yanki ya daskare wani yana bushe, wannan gas ne ko toshewa a hanyar gas, ko a Kano ko a Ingila.

Injiniya_Bashir:
Wannan gaskiya ne Oga, ban ja ba. Idon mai sana'a ke nan. In ƙara da abu ɗaya: a duba bayan narkarwa. Ya kamata ganyayyakin su fito tas daga sama har ƙasa. In ana barin ragowa a ƙasa, kuma tana zama dunƙulalliyar ƙanƙara mai sheƙi maimakon farar mai laushi, to narkarwa na yankewa da wuri ko ruwa ba ya samun mafita. Ragowar yau ita ce tushen ta gobe, a haka har ta kai fanka ta fara bugunta.

Dan_Tahoua:
Ni ina Beljiyam. Wanga abu ya faru da ni, ƙanƙara ta cika ƙasan injin har fanka na ƙara. Da mai gyara ya zo sai ya tarad da sensar bututu ta fita daga maƙalinta tana lilo cikin iska. Tunda iska take aunawa ba bututu ba, injin bai san ya daskare ba. Ya mayar da ita ya ɗaure, shi ke nan. Ba a taɓa gas ba.

Kabiru_Lantarki:
Irin waɗannan sensa juriyarsu ga wucewar wutar lantarki na hawa in sanyi ya ƙaru. Da yawa juriyarsu 10k ce, wato om (ohm) dubu 10, a digiri 25, amma akwai 5k, akwai 15k, akwai 20k, ya danganta da kamfani. In za a canza a nemo daidai irin tata. Wanda ya sa wata daban, fanel zai riƙa karanta ƙarya, narkarwa ta rikice gaba ɗaya.

Yusuf_Bradford:
Ni fa duk wannan ne ya sa har yanzu ban rabu da tukunyar gas ba. Gwamnati na ba da tallafin fam 7,500 a Ingila da Wales tun Oktoban 2023 ga wanda zai sa famfon zafi, amma injin da zai riƙa tsayawa yana kwasar zafin ɗakina a ranar da na fi buƙatarsa, me ya yi?

Abba_Winifeg:
Yaya Yusuf, ƙasar Nowe (Norway) ta fi Ingila sanyi, amma fiye da rabin gidajensu da famfon zafi suke ɗumama. Da abin ba ya aiki da ba su rungume shi haka ba.

Yusuf_Bradford:
Su lantarkinsu daga madatsun ruwa yake fitowa, ba su saba da gas a gida ba. Mu nan kuɗin lantarki ya ninka na gas sau da yawa. Lissafin ba ɗaya ba ne.

Injiniya_Bashir:
Maganar kuɗin wuta muhawara ce mai zaman kanta, kuma Malam Yusuf yana da hujja. Amma asarar narkarwa ba ɓoyayyen abu ba ne. A gwajin da ake yi wa injinan nan a Turai akwai matakin iska mai digiri 2 da ruwa mai digiri 35, kuma narkarwa na cikin lissafin. Shi ya sa za ka ga alkaluman ingancin aikin injin a digiri 2 sun faɗi sosai in ka kwatanta da na digiri 7. Mai saye ya dubi na digiri 2, kada ya tsaya a na 7 da ake bugawa da manyan baƙaƙe.

Alhaji_Kifi:
Ku gafarce ni, ni ba na ƙasar sanyi, ɗakin sanyi na kifi nake da shi. Amma abin da kuke faɗa shi muke fama da shi. Da damina injin cikin ɗakin kan daskare da wuri, saboda duk buɗe ƙofa danshi ne ke shiga. Da hunturu, lokacin da iska ta bushe, sai ya yi sauƙi. Taima ɗaya ba ta yi wa damina da rani daidai, dole yarona ya riƙa sauya ta. Kuma bayan hita ta mutu muna ba shi 'yan mintoci ruwa ya tsiyaye kafin fanka ta tashi, in ba haka ba ruwan take watsawa a kan kwalaye ya daskare.

Hauwa_Wuhan:
Baba Alhaji, abin da yaronka yake yi da hannu shi ne ainihin abin da ake son fanel ya koya ya yi da kansa. Lokacin tsiyayewar nan ma yana cikin famfon zafi. Shi ya sa ake shafa wa ganyayyakin wani shafi, shuɗi ko ruwan gwal, don ruwa ya zame da sauri maimakon ya maƙale ɗigo-ɗigo.

MamanHanif:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na fita na duba kamar yadda Oga Sabo ya ce. Ƙanƙarar fara ce mai laushi, ta rufe ko'ina daidai, kuma bayan narkarwa ta tafi duka sai ɗan kaɗan a layin ƙasa. Amma ga wani abu. Don rage kuɗin wuta mun rufe radiyetocin ɗakunan da ba a kwana a ciki, guda biyu kawai muka bari. Kuma akwai ranar da allon cikin gida ya nuna wata lambar kuskure ana tsakiyar narkarwa, sai ya tsaya. Ko da alaƙa?

Injiniya_Bashir:
Akwai alaƙa sosai Hajiya. Narkar da kilo ɗaya na ƙanƙara na cin zafi kilojul 334. A ce kilo biyu ne a jikin injin, 668 ke nan, ban da ɗumama ƙarfen kansa. Kwampireso na ba da wani kaso, amma mafi yawa daga ruwan gida yake fitowa. In a ce duka daga ruwan za a ɗauka, lita 40 za ta sauka da digiri 4, lita 20 kuwa da digiri 8. Da kuka rufe radiyetoci kun rage ruwan da ke zagayawa. In ruwan ya yi sanyi da yawa ko gudunsa ya ragu, injin yana katse narkarwa don kada ruwa ya daskare a cikinsa ya fasa shi. Ragowar da kike gani a layin ƙasa tana iya zama daga nan. Ki buɗe radiyetocin, ki bar injin yana aiki a hankali a kai a kai maimakon kashewa da kunnawa. A littafin kowane inji an rubuta mafi ƙarancin ruwan da yake buƙata, wasu gidajen sai an ƙara musu ƙaramar tanki. Ki rubuta lambar kuskuren ki ba mai gidan ko wanda ya sa injin.

Ummu_Sumayya:
To ragowar ta ƙasa, ba za ta iya ɓamɓare ta ba?

OgaSabo_MaiSanyi:
Don Allah kada ta kuskura! Firiza nawa aka kawo min an huda da wuƙa wajen ɓamɓarar ƙanƙara. Bututun siriri ne, ana taɓa shi gas ya fita. In ya zama dole, a kashe injin a zuba ruwa mai ɗumi a hankali, ba tafasasshe ba, kuma a kiyayi wajen wayoyi.

Kabiru_Lantarki:
Ƙari a kan haka, sababbin da yawa R290 ne a cikinsu, wato furofen, gas mai kamawa da wuta. R32, wani gas ɗin da ake sa musu, shi ma yana ɗan kamawa. Ba wurin sa ƙarfe mai tsini ba ne.

Nura_Jos:
Tambaya daga gefe. In na sa AC mai juyawa a Jos don sanyin Disamba da Janairu, ni ma zan ga wannan ƙanƙarar?

Hauwa_Wuhan:
Da wuya Malam Nura. Sanyin Jos bai saba kusantar sifili ba, kuma iskar hunturu a bushe take. Raɓa za ka fi gani tana ɗiga daga na waje. Ƙura ce za ta fi damunka, ka riƙa wanke ganyayyakin.

Sani_Ohayo:
Mu koma kan na Hajiya. Ni har yanzu duk awa ɗaya ya yi min yawa ga injin da ke narkarwa bisa buƙata. Hajiya, yaya tazarar bayansa da bango? Kuma akwai shinge ko kwandon shara a gabansa? In iskar sanyin da ya fitar tana dawowa ya sake zuƙa, zai daskare da wuri ko da gas da sensa lafiyarsu ƙalau. Haka in ruwan indararo na ɗiga a kansa.

Injiniya_Bashir:
A duba wannan ɗin, ya dace. Amma Malam Sani, yawan narkarwa ya danganta da girman injin ma. Wanda ya yi wa gida kaɗan dole kwampiresonsa ya yi gudu sosai, bututu ya ƙara sanyi, ƙanƙara ta taru da sauri. Wanda ke tafiya a hankali yakan daɗe.

OgaSabo_MaiSanyi:
Ni dai in da ni ne zan sa a ɗaura geji ko don hankali ya kwanta.

Kabiru_Lantarki:
Oga, irin na Hajiya da yawa a rufe suke daga masana'anta, gas ɗin duka yana cikin na waje, ruwa ne kawai ke shiga gida. Duk ɗaura geji ana asarar ɗan gas. Gara a fara karanta matsi da zafin bututu daga allon injin, yawancinsu suna nunawa a shafin masu gyara. @Hauwa_Wuhan, sensar bututun nan a wane layi aka fi ɗaura ta, na ƙasa ko na tsakiya? In tana sama za ta ji ɗumi ta yanke narkarwa alhali ƙasa bai gama ba.

Hauwa_Wuhan:
Galibi ana neman layin da ya fi jinkirin narkewa ne, sau da yawa can ƙasa, tunda ruwan sama a kansa yake sauka. Amma kowane kamfani da inda yake sa tasa, kuma a gida mai iska daga gefe ɗaya layin da ya fi jinkiri na iya sauyawa. Anti MamanHanif, in kin buɗe radiyetocin ki ɗauko mana hoton layin ƙasan da zarar fanka ta sake tashi, da kuma wani hoton kafin narkarwa ta gaba.